Me ya sa wasu ke kuka gwamnati ta ja da baya, wasu kuma katafila ta zo musu?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ne sakataren wata ƙungiyar 'yan kasuwa a Kumasi, mun kai mutum ɗari uku, yawancinmu 'yan Zango. Asembilinmu, wato ƙaramar hukumarmu, ta aiko da takarda cewa za a tashe mu a mai da mu wani wuri, kuma ga shi an ƙara kuɗin tikiti. Mun ga wasu da sun ɗaga murya sai gwamnati ta janye, wasu kuma ko sun shekara suna kuka ba mai waiwayarsu. Mene ne ke sa rikici da hukuma ya ƙare ta nan ko ta can, kuma ta ina za mu kama?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam Sakatare. Allah ya kawo muku mafita. Abin da za mu fara faɗa ba shi da daɗin ji, amma gara ku ji shi tun yanzu: samun gaskiya kaɗai bai isa ya raba irin wannan gardama ba. Abin da ya fi raba ta shi ne asarar da kowane ɓangare zai yi idan aka tashi ba a daidaita ba. Jami'in da ke zaune gabanku lissafi yake yi a ransa: in na ƙi jin mutanen nan, me zai same ni, kuma in na ji su, me zan rasa? Duk aikinku shi ne ku canza amsar wannan lissafin.

Ku tuna da shirin musayar bashin cikin gida da gwamnati ta sanar a Disambar 2022, lokacin da take neman rancen dala biliyan 3 daga Asusun Lamuni na Duniya. Bashi ɗaya ne, gwamnati ɗaya ce, amma masu bin bashin ba su ƙare iri ɗaya ba. Ƙungiyoyin ƙwadago sun sa ranar shiga yajin aiki na sai-baba-ta-gani, kafin ranar ta zo aka cire kuɗaɗen fansho na ma'aikata daga shirin. Tsofaffin da suka yi ritaya suka zuba kuɗinsu a takardun bashin ba su da yajin aikin da za su yi, sai suka riƙa zama a harabar Ma'aikatar Kuɗi a Akra kullum, har tsohuwar Alkaliyar Alkalai Sophia Akuffo ta zo ta zauna tare da su a Fabrairun 2023, su ma aka cire su. Na farko sun riƙe makogwaron aiki, na biyu sun riƙe kunyar gwamnati a idon jama'a. Bankuna da sauran masu bashi da ba su da ko ɗaya daga cikin biyun, su suka sha ɗacin. To ku tambayi kanku me kuka riƙe. Kuɗin tikitin da mutum ɗari uku ke biya kullum kuɗin shiga ne na asembili, ku lissafa shi a wata da a shekara ku rubuta. Kayan da kuke kawowa gari, idan suka tsaya kwana uku, wa zai ji a jikinsa? Ƙuri'u nawa ne a gidajenku, a wace mazaɓa?

Abu na gaba, wanda muke ganin ya fi cin 'yan kasuwa, shi ne lokaci. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Kuɗin tikiti, alal misali, ba ranar da mai karɓa ya zo da sabon littafi aka yanke shi ba. Kowace shekara asembili na tsara ƙudurin kayyade kuɗaɗe tare da kasafinta, yawanci tsakanin Agusta da Oktoba. Ana kiran masu ruwa da tsaki a ji ta bakinsu, ƙaramin kwamitin kuɗi da gudanarwa ya duba, ya miƙa wa kwamitin zartarwa, babban zauren asembili ya amince, sannan a buga a gazet ta gwamnati. Wanda ya zo zaman sauraron da alƙaluma a hannu yana iya rage sidi ɗaya ko biyu cikin awa guda. Wanda ya zo a Janairu bayan an buga, sai an sake kiran zaure kafin a taɓa ko kwabo, kuma babu shugaban da ke son a ce ya warware kasafinsa da hannunsa. Saboda haka ku nemi kwafin ƙudurin bana ku duba abu biyu: adadin da ake karɓa a hannunku shi ne wanda aka rubuta, kuma an buga shi a gazet? Idan ɗaya ya saɓa, kuna da hujja mai ƙarfi. Idan duka sun yi daidai, ku ajiye maganar tikiti zuwa zaman shekara mai zuwa, ku tara ƙarfinku kan maganar tashi. Haɗa buƙata biyu a takarda ɗaya kan ba hukuma dama ta ba ku ƙaramar ta riƙe babbar.

Haka abin yake a sama. Ƙaramar dokar aiwatarwa da minista ya shimfiɗa a Majalisar Dokoki tana fara aiki bayan kwana 21 na zaman majalisa, sai fa idan kashi biyu cikin uku na 'yan majalisa sun soke ta, ko kuma an janye ta. A Yulin 2024, da mutane suka ji an shimfiɗa wadda za ta ba 'yan majalisa da ministoci damar sa jiniya a motocinsu, surutu ya tashi tun kwanakin ba su cika ba, aka janye ta. Dokar hanya ta 2012 da ta hana haya da babur kuwa ta wuce shiru, 'yan okada suka shafe shekaru suna fama da ita, har ta zama abin kamfen a zaɓen 2020.

Kalandar siyasa ma na cikin lokaci. Shekarar zaɓe kunnen hukuma a buɗe yake, shekarar da ta biyo baya kuwa ita ce ta ayyukan da ke ɓata rai. An kwashe kasuwar albasa ta Agbogbloshie da ke Akra a farkon Yulin 2021, wata bakwai bayan zaɓe. Bala'i ma kan buɗe wa hukuma ƙofar da ta daɗe tana nema. Ambaliya da gobarar 3 ga Yunin 2015 a Sakul, wato shataletalen Kwame Nkrumah da ke Akra, sun ci rayuka sama da 150, kafin watan ya ƙare katafila ta shiga unguwar Tsohuwar Fadama ta rushe gidajen bakin ruwa, alhali kotu ta ba da damar tashin mazauna wurin tun 2002 ba a iya aiwatarwa ba. Wannan ne ya sa muke roƙon kowace ƙungiyar kasuwa ta ajiye kwafin rajistarta da takardunta a wajen kasuwa. Ranar da wuta ta tashi, Allah ya kiyaye, wanda ke da jerin sunaye shi ake tattaunawa da shi.

Sai ku gano wa ke da maganar. Takardar ta fito daga asembili, amma umarnin na iya zama na majalisar tsare-tsare ta yanki, ko na wata ma'aikata a Akra, ko sharaɗin kwangilar da aka riga aka sa wa hannu da ɗan kwangila. Idan rance ne aka ciyo kuma akwai tara kan kowane jinkirin miƙa fili, shugaban asembili ba zai iya ɗaga ranar ba ko yana so, ku kuma za ku ɓata wata uku kuna buga ƙofar da ba ta buɗewa. Dokar 'yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba ku damar rubuta wa jami'in bayanai na asembili ku nemi ƙudurin da aka yanke a kanku, da taswirar sabon wurin, da tsarin rabon shaguna. Kwana 14 doka ta ba shi ya amsa. Ku rubuta a taƙaice, ku ambaci takardun ɗaya bayan ɗaya, a buga muku hatimin karɓa a kan kwafinku.

Irin abin da ake jayayya a kai ma yana da tasiri sosai. Abin da ake iya rabawa, kamar kuɗi da kwanaki da yawan rumfuna, yana da tsakiya. Harajin VAT ya shigo a 1995 da kashi 17.5 cikin ɗari, zanga-zangar Kume Preko ta 11 ga Mayu ta tashi, aka rasa rayuka, gwamnatin Rawlings ta janye shi. A ƙarshen 1998 ya dawo da kashi 10 bayan an wayar da kan jama'a, harajin ya zauna har yau, ko da yake adadinsa ya canza. Harajin momo, wato E-Levy da aka ɗora kan tura kuɗi ta waya, an gabatar da shi a Nuwamban 2021 da kashi 1.75, a majalisar da kowace babbar jam'iyya ke da kujeru 137 da ɗan takara mai zaman kansa guda. Har dambe aka yi a zauren. Ya wuce a Maris ɗin 2022 da kashi 1.5, ya sauko zuwa kashi 1 a farkon 2023, aka soke shi a 2025 bayan canjin gwamnati. Abin da ya fi raunana shi kuwa shi ne mutane sun canza yadda suke tura kuɗi: an yi hasashen kusan sidi biliyan 7 a shekarar farko, a tsakiyar shekara aka mai da hasashen ƙasa da biliyan 1. Tsarin da ke buƙatar haɗin kan jama'a kullum, idan jama'a suka ƙi, yakan mutu ko da yana nan a takarda.

Abin da ya taɓa addini ko asali kuwa ba shi da rabi. Maganar azumin ɗalibai Musulmi a makarantar Wesley Girls ta tashi a Ramadan na 2021, Hukumar Ilimi ta ba da umarni a bar su su yi, Cocin Methodist ta ce ba ta yarda ba, Majalisar Zaman Lafiya ta Ƙasa ta shafe shekaru tana haɗa yarjejeniya da makarantun mishan, duk da haka maganar ta kai Kotun Ƙoli. Taku maganar ta kuɗi ce da wuri, kuma wannan alheri ne gare ku. Kada ku bari wani ya mai da ita maganar "ana korar 'yan Zango" matuƙar ba ku da shaidar cewa an bar wasu an ɗauke ku kaɗai. Da zarar ta koma ta ƙabila, maƙwabtanku Asantawa da Frafra da ke cikin matsala ɗaya da ku za su ja jiki, hukuma kuma ta miƙa zancen ga jami'an tsaro. Idan kuwa akwai shaidar nuna bambanci, sashe na 17 na tsarin mulki ya haramta shi, kuma a nan ne kotu ke da amfani.

Tunda mun zo kan kotu, ku san matsayinku tun kafin ku biya lauya. Sashe na 20 na tsarin mulkin 1992 ya ce idan gwamnati ta karɓe dukiyar mutum ko haƙƙin da yake da shi a kanta, dole ta biya diyya mai adalci ba tare da jinkiri ba. Mai takardar mallaka ko ta haya mai wa'adi yana ƙarƙashin wannan inuwa. Mai tebur a gefen titi da tikitin yini ba ya ciki, domin tikiti shaidar biyan kuɗi ce, ba ta mallakar wuri ba. Abin da ya rage masa shi ne sashe na 23, wanda ya wajabta wa hukumomi su yi aiki da adalci da hankali: a ba da sanarwa mai isasshen lokaci, a saurari mutane, a bi ƙa'idar da doka ta shimfiɗa. Kotu na saurin warware tambaya mai kaifi ɗaya. Shari'ar Tyrone Marhguy, ɗalibin da makarantar Achimota ta ƙi karɓa saboda gashinsa, ta tashi a Maris ɗin 2021, ranar 31 ga Mayu Babbar Kotu ta yanke a karɓe shi. Amma alkali ba zai zaɓa muku kasuwa ba, ba zai sa tashar mota kusa da ku ba. Abin da yakan ba ku shi ne lokaci, kuma lokacin na da amfani ne kawai idan kuna tattaunawa a cikinsa. Ku kula da wa'adi biyu: dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, na buƙatar a ba asembili sanarwar wata ɗaya a rubuce kafin a kai ta ƙara, neman kotu ta sake duba matakin hukuma kuma ana shigar da shi cikin wata shida. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, wato CHRAJ, na karɓar koke kyauta, kuma kowace asembili na da kwamitin hulɗa da jama'a da koke-koke wanda shugaban zaure ke jagoranta. Ku fara da shi, ta hannun asembiliman ɗinku, wato wakilin unguwarku a asembili, ko don ya zama a rubuce cewa kun bi ƙofa.

A Kumasi ba a maganar sulhu a tsallake Manhyia, fadar Sarkin Asante. Mai shiga tsakani yana cin nasara ne idan ɓangarorin biyu na jin nauyin ce masa a'a. Rikicin Dagbon da ya biyo bayan kisan sarkinsu, Ya Na Yakubu Andani na biyu, a 2002 sai a Janairun 2019 aka naɗa sabon Ya Na, ta hannun kwamitin manyan sarakuna da Sarkin Asante Otumfuo Osei Tutu na biyu ya jagoranta tare da Nayiri na Mamprusi da Yagbonwura na Gonja. Rikicin maƙabartar Tafo na 2016 ma sarakuna da malamai ne suka kwantar da shi, har Babban Limamin Ƙasa Shehu Usman Nuhu Sharubutu ya sa baki. Sai dai ku san iyakar abin. Sarki da liman na iya sa a zauna, su kwantar da rai, su sa a ji kunyar karya alkawari, amma ba su ne ke sa hannu a kasafi ba. Ku je wurin Sarkin Zango da sauran iyayen ƙasa da buƙata a rubuce, gajeriya, wadda za a iya cewa e ko a'a a kanta. Wanda ya je da "a taimaka mana" kawai, addu'a zai dawo da ita.

Yanzu ga inda muke ganin ya kamata ku zuba yawancin ƙarfinku. Idan aikin da za a yi a wurin na gaske ne kuma kuɗinsa na ƙasa, "ba za mu tashi ba" magana ce da ba kasafai take tsayawa ba. "Ga sharuɗɗan tashinmu" ita ce ake ci da ita. Kasuwa ba rumfa ba ce, ƙafar mutane ce. 'Yan albasan da aka kwashe daga Agbogbloshie sun zauna a Adjen Kotoku, can bayan Amasaman, domin su 'yan sari ne: manyan motoci daga Nijar na sauke musu kaya a can, mai sari kuma dole ya bi albasa duk inda take. Mai sayar da ɗai-ɗai ba haka yake ba, shi da mai wucewa yake ci. Shi ya sa yawancin waɗanda aka kai filin Reskos lokacin aikin gina kasuwar Kejetia da Babbar Kasuwa suka riƙa komowa bakin titi, tunda ciniki bai bi su can ba. Don haka sharaɗinku na farko ya zama motoci: wace tasha za a kai sabon wurin, kuma a kai ta kafin ku ko tare da ku. Na biyu, kowa ya tashi rana ɗaya. Idan aka bar mutum ashirin a tsohon wuri, ciniki zai tsaya wurinsu, sauran su dawo cikin mako biyu, a ce kun karya yarjejeniya. Sannan ruwa, bayan gida, wuta, magudana, mai gadi da hanyar da motar kaya za ta shiga da damina. Ku je ku gani da idonku bayan an yi ruwan sama, ku ɗauki hoto.

Idan an ce na wucin gadi ne za ku dawo, a nan ake yawan kuka daga baya. An tashi 'yan Babbar Kasuwar Kumasi a 2021 domin kashi na biyu na aikin, sai matsalar bashin ƙasa ta tsayar da aikin, wucin gadi ya koma shekaru. Ku sa a rubuta abin da zai faru idan wa'adi ya wuce: za a ci gaba da yafe muku haya, ko rage tikiti, ko a gyara wurin da kuke. Ku sa a rubuta kuɗin shago a sabon gini da yadda za a biya shi kashi-kashi, domin haƙƙin dawowa ba shi da amfani ga wanda ba zai iya biyan kuɗin shiga ba. Kuma kafin a cire ko kwano ɗaya, a yi rajista tare, ku da jami'an asembili: suna, lambar katin Ghana, hoton mutum a gaban rumfarsa, irin kayansa, shekarun da ya yi a wurin. Mazauna Tsohuwar Fadama sun ƙirga kansu a 2009 suka samu kusan mutum 80,000, kuma wannan adadi ya canza yadda hukuma ke magana da su, domin tashin mutum 80,000 ba aikin safiya ɗaya ba ne.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma tsagewar 'yan kasuwa kusan kullum wuri ɗaya take bi. Masu shago na da buƙata daban da masu tebur, masu tebur daban da kayaye, wato mata masu dako, da masu tura baro. Hanya mafi sauƙi ta kashe ƙungiya ita ce a yi wa shugabanni biyar alkawarin shaguna masu kyau. Ba zargin kowa muke yi ba, tsari ne ake yi don a kare mutumin kirki daga jarabawa. Wakilanku kada su wuce bakwai, a sa mata a ciki da wakilin masu tebur, kada mutum ɗaya ya gana da hukuma shi kaɗai, kuma kada a sa hannu a kan komai a zaman da aka kawo shi. A dawo a karanta wa jama'a da Hausa da Tuwi da duk harshen da ake ji a cikinku. Ku nemi iyayen kasuwa mata na sauran layuka ku ji ko su ma an aiko musu, domin takardar da ƙungiya huɗu suka sa wa hannu ba a ajiye ta a ƙasan tire.

Zanga-zanga haƙƙinku ce, ba a neman izini, Kotun Ƙoli ta yanke haka tun 1993. Abin da dokar zaman lafiyar jama'a ta 1994 ta ce shi ne a sanar da 'yan sanda a rubuce aƙalla kwana biyar kafin ranar. Amfaninta ya fi yawa tun ba a yi ta ba. A farkon 2024 ƙungiyar ƙwadago ta TUC ta sa ranar fita kan harajin kashi 15 da aka ɗora wa wutar lantarki, kafin ranar gwamnati ta ce ta dakatar. Ku lura da kalmar, "dakatarwa" aka ce, ba "sokewa" ba, kuma 'yan ƙwadago sun karɓa. Hukuma na buƙatar ƙofar fita da mutuncinta, wanda ya nace sai ta durƙusa a bainar jama'a yakan rasa abin da ya riga ya samu. Idan kuka fita, ku sa dattawa a gaba da masu kula da layi da kuka san su da suna. Taya ɗaya da aka ƙona ta isa ta mai da labarin daga kasuwa zuwa "matasan Zango", kuma kun san yadda ake saurin ɗora mana wannan suna. Rigar jam'iyya ma a bar ta a gida. Shugaban asembili naɗin shugaban ƙasa ne, da ya ga tutar 'yan adawa a cikinku zai daina ganin 'yan kasuwa, ya fara ganin abokan hamayya.

Ranar da aka daidaita, kada ku yarda da jawabi a gaban 'yan jarida a matsayin yarjejeniya. A rubuta ranaku da adadi da sunan ofishin da zai yi kowane aiki. Shugaban asembili ya sa hannu, daraktan gudanarwa ma ya sa, domin shi ma'aikacin gwamnati ne, ofishinsa na nan ko an canza mulki. Ku nemi a kai takardar babban zaure a amince da ita a shigar cikin bayanan zama. Idan ta hannun mai sulhu aka yi, dokar sulhu ta 2010, mai lamba 798, ta ba da dama ɓangarori su amince cewa yarjejeniyar ta ɗaure su, ta yadda za a iya neman kotu ta tilasta aiki da ita. Idan akwai ƙara a gaban alkali, a shigar da sharuɗɗan su zama hukuncinsa. A kafa ƙaramin kwamiti na haɗin gwiwa da zai riƙa zama duk wata har a gama. Jerin sunayen waɗanda za su samu rumfa kuma a manna shi a fili a kasuwa na mako biyu, kowa ya duba nasa ya kawo gyara, sannan a raba lambobin rumfuna ta hanyar ƙuri'a a gaban jama'a, shugabanni su ɗauki tasu a ƙarshe.